Yini guda a kwazazzabon Cheddar: yadda za ku kai iyali ku dawo lafiya

Dogon hutun makaranta ya zo, kuma a cikin masu bibiyar wannan shafi akwai waɗanda ke shirin tafiya Ingila da iyalinsu, wasu bikin yaye ɗa ko 'ya a jami'a, wasu ziyarar 'yan uwa, wasu ganin likita. Yawanci irin wannan tafiya takan ƙare ne tsakanin falon mai masauki da manyan kantuna, yara na danna waya, manya na lissafin kilon kaya. Idan kuna cikin masu wannan tafiya, ku ware yini guda ku fita bayan gari. Ɗaya daga cikin wuraren da suka cancanci wannan yini shi ne kwazazzabon Cheddar da kogwanninsa, a gundumar Somerset da ke kudu maso yammacin Ingila.

Sai dai wurin yana da sanyi a ƙarƙashin ƙasa, yana da tsayi mai haɗari a sama, ga kuma titin mota da ya ratsa tsakiyarsa. Iyalin da suka je da kaka mai ciwon gwiwa, da yaro mai sikila, da jariri a goye, suna bukatar shiri daban da na matasan da suka je yawo su kaɗai. Ka'idar da za ta fisshe ku guda ɗaya ce: ku auna tafiyar da ƙarfin wanda ya fi kowa rauni a cikinku.

Yadda ruwa ya yanka dutse

Kwazazzabon yana cikin tsaunukan Mendip, a gefen ƙauyen Cheddar, wanda ake furtawa Ceda. Tsawonsa ya kusa kilomita 5, kuma a inda ya fi zurfi, bangon dutsen ya kai mita 137 daga ƙasa zuwa sama. Idan kun san ginin Cocoa House na Ibadan mai tsayin mita 105, to da za a dasa shi a gindin bangon nan, sai an ƙara masa kusan mita 30 kafin ya leƙo sama.

Dutsen wurin na farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙowa a Obajana da Ewekoro da Ashaka da Kalambaina a yi siminti. Irin wannan dutse yana da rauni guda: ruwan sama yana cin sa. Ruwan kan kwaso iskar kabon daga sararin sama da kuma cikin ƙasa, sai ya zama mai ɗan tsami, ya riƙa bin tsagogin dutsen yana narkar da shi kaɗan-kaɗan. A hankali tsaga ta zama rami, rami ya zama kogo, har ruwan ya bar doron ƙasa ya koma gudu a ƙarƙashi.

Masana ilimin duwatsu sun ce shi kansa kwazazzabon an yanka shi ne a zamunnan tsananin sanyi na sama da shekara miliyan ɗaya da suka shige. A lokutan nan ƙasa kan daskare, ƙanƙara ta toshe ramukan, don haka idan ƙanƙarar sama ta narke sai ambaliya ta bi ta kan dutse tana zaftare shi. Da duniya ta yi ɗumi sai ruwan ya koma ƙarƙashi, ya bar kwarin a bushe. Shi ya sa yau titin kwalta ne a inda ruwa ya taɓa gudu, kogin kuwa, mai suna Cheddar Yeo, sai a can ƙasa kusa da ƙauye yake ɓullowa daga cikin dutse. Ku ba yara wannan labari tun a mota, domin yaron da ya san abin da zai gani ya fi natsuwa.

Wurin ya kasu uku: cikin kogwanni, saman dutse, da titin ƙasa mai shaguna. Ba dole ba ne kowa ya yi duka ukun. Tun daga gida ku raba wa zai shiga ina, da kuma wane babba ne zai tsaya da wanda ba zai iya ba.

Cikin kogo: digiri 11 ko da rani

Babban kogon da ake shiga shi ne na Gough, sunan Richard Gough wanda ya yi ta haƙa a wurin a shekarun 1890 har ya kai ga manyan ɗakunan ciki. Tun 1899 aka sa masa wutar lantarki. Kogon ya haura kilomita 3, amma ɗan sashe kawai aka buɗe wa masu ziyara, da daɓe da fitilu da abin dafawa. A ciki za ku ga tsinin duwatsu na rataye daga rufi, wasu na tasowa daga ƙasa, wasu sun haɗu sun zama ginshiƙi, wasu sun malalo a bango kamar an zuba kunu ya daskare. Akwai ƙananan tafkuna da ruwansu ke kwance har ana ganin rufin kogon a cikinsu kamar a madubi. Ɗigon ruwa ne ya gina duk waɗannan, kowane ɗigo yana barin ɗan burbushin farar ƙasa, kuma girman da tsinin ke yi a shekara yawanci bai kai milimita ɗaya ba. Saboda haka ku hana yara taɓawa: maiƙon hannu yana ɓata dutsen, yana kuma hana shi ci gaba da girma.

Abin da ya fi shafar lafiya shi ne sanyi. Zafin cikin kogon yana tsaye ne a wajen digiri 11 a ma'aunin Salshiyas, rani da hunturu, ga danshi. Kamar sanyin asubar hunturu ne a Jos, sai dai babu rana da za ta fito ta kore shi. Mutum zai shigo daga waje da gumi a jiki, minti goma sai ya fara kaɗuwa.

Iyayen masu sikila su yi hattara a nan. Sanyi, da ƙishirwa, da gajiya, da sauyin yanayi kwatsam daga zafi zuwa sanyi, duk suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Wannan wurin ya haɗa su duka a yini ɗaya. Ku sa wa yaron riga biyu ko uku tun kafin a shiga, da hula da safa, kada ku jira sai ya ce yana jin sanyi. Ya sha ruwa kafin shiga da bayan fitowa. Maganinsa na rage zafin ciwo ya kasance a jakar hannu, ba a mota ba. Idan ya ce ƙashinsa ko ƙirjinsa na ciwo, ku juya ku fita nan take, ku ɗumama shi. Ciwon ƙirji, ko wahalar numfashi, ko zazzaɓi ga mai sikila maganar asibiti ce ta gaggawa. Kafin ku baro Najeriya ma ku gaya wa likitansa irin wurin da za ku, ku kuma karɓi takardar bayanin ciwonsa da magungunan da yake sha.

Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, domin iska mai sanyi na iya matse masa ƙirji. Rufe hanci da baki da mayafi ko gyale yana ɗumama iskar kafin ta shiga huhu.

Daɓen kogon a jiƙe yake, kuma akwai matakala a ciki. Silifas da takalmi mai tsini ba su da wuri a nan, kambas mai riƙe ƙasa ake bukata. Mai doguwar riga ko zane ta ɗan ɗage don kada ta taka bakinsa a matakala. Keken jarirai zai ba ku wahala, goyo ya fi, amma uwa ta tuna cewa kan jaririn yana bayanta inda ba ta gani, sai ta duƙa sosai a duk inda rufi ya yi ƙasa, wani babba kuma ya biyo ta a baya.

Akwai kuma tsoro. Wasu yara, har da manya, ba sa jure matsattsen wuri mai duhu: zuciya ta riƙa bugawa, numfashi ya yi sama-sama. Kada ku yi wa yaro dariya ko ku ja shi da ƙarfi, kada kuma yayyensa su tsorata shi da labarin aljanu a bakin kogo. Ku riƙe hannunsa, ku nuna masa fitilu da ma'aikata. In ya ƙi, a fita da shi. Ƙaramin kogon Cox, wanda wani mai injin niƙa George Cox ya gano a 1837 yana cikin fasa dutse, ya fi matsi, kuma ana yin nunin haske da sauti a cikinsa, don haka ku tambayi ma'aikata ko ya dace da shekarun yaranku.

Mutumin Cheddar da cukun da bai taɓa ci ba

A 1903 ma'aikata na haƙa magudanar ruwa a bakin kogon Gough suka ci karo da ƙwarangwal ɗin wani matashi da ya rayu kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Shi ne ƙwarangwal kusan cikakke mafi daɗewa da aka samu a Birtaniya, kuma ana kiran sa Mutumin Cheddar. Ainihin ƙasusuwan suna gidan adana tarihin halittu da ke Landan, kwaikwayonsu ne za ku gani a kogon.

A 2018 masana daga wannan gidan tarihi da Kwalejin Jami'a ta Landan suka bayyana sakamakon binciken ƙwayoyin halittarsa. Sun ce alamu sun nuna fatarsa baƙa ce ko mai duhu sosai, gashinsa baƙi mai lanƙwasa, idanunsa kuma shuɗaye. Ga yaron da ke girma yana jin maganganu kan launin fata, musamman wanda ke makaranta a can, wannan abin tattaunawa ne mai amfani a hanyar komawa gida.

Binciken ya kuma nuna cewa cikinsa ba ya narkar da madara bayan ya girma. Abin dariyar shi ne ƙauyen da aka same shi ne ya ba fitaccen cukun Cheddar sunansa, kuma har yau ana ajiye cuku a cikin kogon Gough ya nuna, saboda sanyi da danshin wurin ba sa canzawa. Za ku wuce ta gaban manyan dunƙulensa a jere a kan katako. Manya da yawa a Afirka ta Yamma suna da irin cikin Mutumin Cheddar, ɗanyar madara na sa su kumburin ciki da gudawa. Cuku mai tauri da ya daɗe a ajiye ba ya ɗauke da sukarin madara sai kaɗan, don haka yawancinsu suna iya cin sa lafiya. Askirim ɗin da ake sayarwa ko'ina a ƙauyen shi ne zai iya ɓata musu yini. Cukun kuma yana da gishiri da kitse, mai hawan jini ya ɗanɗana kawai.

Wani gargaɗi ga iyaye: a kogon an samu ƙasusuwan wasu mutane da suka riga Mutumin Cheddar, na kimanin shekara 14,700, masu alamun cewa an ci namansu, an kuma mayar da ƙoƙon kawunansu abin sha. Ana bayanin wannan a gidan tarihin da ke wurin. Babba ya fara leƙawa ya ga ko ya dace ƙananan yara su shiga.

Matakala 274 da bakin dutse

Daga titi zuwa saman dutsen akwai matakala 274 da ake kira Jacob's Ladder, wato tsanin Yakubu. Kamar hawa bene mai hawa goma sha huɗu ko sha biyar ne da ƙafa. Akwai wuraren hutawa a hanya, a sama kuma akwai hasumiyar hange inda ake ganin filayen Somerset da tafkin ajiyar ruwa na Cheddar shimfiɗe a ƙasa.

Mai ciwon zuciya, da wanda hawan jininsa bai daidaita ba, da mai tsohon ciki, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan, su haƙura da wannan hawa, ko da sun biya kuɗin tikiti. Mai ciwon gwiwa ya sani cewa saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Mai ciwon suga ya riƙe alewa ko lemo a aljihu, domin aikin ƙarfi irin wannan na iya sauke sukari, musamman ga mai allurar insulin. Ga kowa da kowa, ma'aunin mai sauƙi ne: in ba ka iya magana kana hawa, tsaya ka huta. Ciwon ƙirji ko jiri kuwa alama ce ta a zauna a nemi taimako. Magidanta sun fi faɗawa wannan tarko, don ba sa so yara su ga sun gaza.

Daga saman matakalar akwai hanyar ƙafa da ke zagaya kwazazzabon ta gefensa biyu, kimanin kilomita 5 zuwa 6, tafiyar awa biyu zuwa uku, da hawa da gangara da tsakuwa. Wurare da yawa a bakin dutsen babu shinge. Ciyawa ce kawai, sai ramin mita ɗari da wani abu. Dutsen farar ƙasa idan ya jiƙe santsi gare shi, iska kuma tana da ƙarfi a sama. Kowane yaro ƙasa da shekara goma ya kasance da babba guda da ke riƙe da shi, a hana gudu, a hana matsawa baki don ɗaukar hoto. Matasan gidan ne suka fi bukatar wannan jan kunne. Idan ana ruwa ko hazo ya sauko, ku bar zagayen, ku tsaya a hasumiya ku sauko.

A sama za ku ga awakin da ke yawo a sake, da tumaki masu launin ƙasa, wani lokaci da shaho na shawagi. Akwai wata 'yar fure mai ruwan hoda da ake kira Cheddar pink, wadda a duk Birtaniya a wannan yanki kawai take fitowa da kanta, doka ta hana tsinkar ta. Kada yara su ba awakin abinci ko su jefa dutse ƙasa, akwai motoci da masu hawan dutse da igiya a ƙarƙashi.

Inda dabbobi ke kiwo akwai kaska, kuma kaskar Ingila na iya ɗauke da cutar Lyme. Ku sa dogon wando, ku cusa ƙafarsa cikin safa, ku bi tsakiyar hanya. Da dare ku duba jikin yara: bayan kunne, cikin gashi, hammata, cibiya, bayan gwiwa. In kun ga kaska, ku kama ta da hantsaki mai tsini dab da fata ku ja sama a hankali, sannan ku wanke wurin. Kada ku ƙona ta ko ku shafa mata man shafawa ko kananzir. Alamar cutar ita ce tabo mai zagaye da ke faɗaɗa, yawanci cikin mako ɗaya zuwa huɗu, wani lokaci har wata uku, tare da zazzaɓi da ciwon jiki. A baƙar fata tabon ba ya yin ja sosai, yakan yi kama da wurin da aka buge. Wataƙila a lokacin kun dawo Legas ko Abuja, inda za a fara zargin maleriya, don haka ku gaya wa likita cewa kaska ta ciji yaron a Ingila. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana warkar da ita idan an fara da wuri. Akwai kuma maciji mai dafi dangin kububuwa a tsaunukan, amma gudun mutane yake yi, sai an taka shi ko an kama shi yake sara.

Titin ƙasa da abin ci

Wanda bai hau sama ba bai yi asara ba. Titin B3135 ya ratsa kwazazzabon daga farko zuwa ƙarshe, kuma bin sa a mota a hankali, bangon dutse na tsaye dama da hagu, shi kansa kallo ne. Kaka za ta iya ganin wannan daga kujerarta. Amma titin siriri ne mai lanƙwasa, can sama babu gefen masu tafiya a ƙafa, ga babura da kekuna. Ku riƙe hannun yara tun daga fitowa mota.

Ku zo da abincinku daga gida, da filas ɗin shayi mai zafi don bayan fitowa kogo, da ruwa isasshe. An san Somerset da abin sha na tuffa mai suna cider, wanda ake jerawa a shaguna kamar lemo, amma giya ce. Ku karanta jikin kwalba kafin ku saya wa yara.

Yadda za ku tsara yinin

Daga Bristol tafiyar kamar minti 45 ce a mota, daga Landan kuwa wajen awa uku. Jirgin ƙasa ba ya zuwa Cheddar, sai dai ku sauka a Bristol ko Weston-super-Mare ku nemi mota, kuma ku tabbatar da lokacin motar komawa tun kafin ku tashi. Dokar ƙasar ta wajabta kujerar mota ta yara har sai yaro ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135. Kallon kwazazzabon kyauta ne, shiga kogwanni da hawa matakalar ne ke bukatar tikiti, ana kuma biyan kuɗin ajiye mota. Hutun makarantun Ingila daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba yake, ya yi daidai da namu, don haka ku isa da safe kafin cunkoso.

Masu hawa su fara da saman dutse da safe da sauran ƙarfinsu. Bayan an sauko a ci abinci, gumi ya bushe, a canza rigar da ta jiƙe, sannan a sa rigar sanyi a shiga kogo. Waya ba ta samun sabis a cikin kogo, wani lokaci har a cikin kwarin, don haka ku tsayar da wuri da lokacin haɗuwa, ku kuma sa wa kowane ƙaramin yaro takarda mai lambar wayarku a aljihu.

Lambar gaggawa a Birtaniya 999 ce, ita ake kira ko da mutum ya faɗi a saman dutse. Lambar 111 kuwa ta neman shawarar lafiya ce idan abin bai kai gaggawa ba. Ana duba baƙo kyauta a sashen gaggawa, amma da zarar an kwantar da shi za a caje shi kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin. Ku yi inshorar tafiya kafin ku tashi, ku kuma bayyana duk wani ciwo da ɗan gidan ke da shi, domin in an ɓoye kamfanin na iya ƙin biya.

Wanda bai da tafiyar Ingila a bana, wannan shiri zai yi masa amfani a gida, ko a kogon Ogbunike na Jihar Anambra mai matakala 317, ko a kogwannin Marshall da ke Yankari. Duk inda za ku, ku zauna daren jajibirin tafiya ku ƙirga mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya: wa ke shan magani, wa ke tsoron duhu, wa gwiwarsa ba ta ɗaukar hawa, wa kuma zai riƙe hannun wa. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.